Igiyar ƙarfe mai kai juyi

A Damargu kowa ya san igiya. Rijiyoyin ƙasar suna da zurfi. Ba a samun ruwa sai da doguwar igiya, da jaki ko raƙumi ko sa mai ja. Da igiya ake ɗaure dabba, da ita ake ɗaure kaya a bisa amalanke. Aikin waɗannan igiyoyi duka ja ne da ɗauri.

Akwai wata igiya dabam, ta ƙarfe. Ita juyi take kaiwa. In an murɗa wannan bakin nata, wancan bakin ma sai ya juya, ko da tana lanƙwashe. Ana haɗa ta da ƙaramin injin huda, don mai sana'a ya kai aiki cikin lungun da injin ba ya shiga. Wanda ya san yadda take aiki zai daɗe yana mora. Wanda bai sani ba zai kashe ta cikin kwana kaɗan, kuɗinsa su tafi a banza, wata sa'a ma har ya ji ciwo.

Ina ake ganin ta?

Ba sai an je nesa ba. A duba moto, wato babur, irin wanda ake hawa daga Tanut zuwa Gangara, ko daga Balbeji zuwa ƙauyukan Tarka. A yawancinsu akwai wata baƙar waya da ta taso daga cibiyar ƙafar gaba, ta hau har zuwa agogon gudu. Makanikai suna ce wa agogon kontar, wayar kuma kabul ɗin kontar. To, wannan waya ita ce igiyar juyi. Ƙafa tana juya ta daga ƙasa, ita kuma tana kai juyin sama. Can cikin agogo akwai ɗan maganaɗisu da take juyawa, shi ne yake tura allura ta nuna gudu.

Kada a haɗa ta da wayar birki ko wayar ba da wuta. Daga waje sun yi kama, amma waɗancan ja ake yi musu. Ba a sa ɗaya a wurin ɗaya.

Ana kuma ganin ta wurin manyan gine-gine. Injin da ake cusa wa kankare don ya girgiza shi ya zauna da kyau, da doguwar igiyar juyi yake aiki. Sai kuma wurin wasu maƙeran azurfa na manyan garuruwa, da masu gyaran ƙananan kaya. Su suna rataye ɗan injin huda a sama. Igiya ta sauko daga jikinsa, tsawonta kamar mita 1. A ƙarshenta akwai mariƙi siriri, ana riƙe shi kamar alƙalami. A bakin mariƙin ake sa tsinken huda, ko ɗan dutsen wāshi, ko abin goge zobe da ƴan kunne. Hannu ya huta da nauyin inji, ido kuma yana ganin aiki sosai.

Mene ne ƙarfin murɗa?

Mace mai burga miya tana murza maburgi tsakanin tafukanta. Hannunta yana sama, amma bakin maburgi da ke cikin tukunya shi ma yana juyawa. Sandar maburgi ce ta kai juyin daga sama zuwa ƙasa. In miya ta yi ruwa-ruwa, murza kaɗan ta isa. In ta yi kauri, sai an ƙara ƙarfi. Wannan ƙarfi da ake sa wa abu don ya juya, shi ne ƙarfin murɗa.

Ƙarfin murɗa dabam, saurin juyi dabam. Mazarin mai kaɗi yana juyi da sauri ƙwarai, amma ɗan yatsa ya isa ya tsayar da shi. Makaniki mai kwance noti da ya cije yana juya shi a hankali, amma da ƙarfi mai yawa. A riƙe wannan bambanci, don za a sake komowa kansa.

Sanda da igiya

Sanda tana kai murɗa da kyau, amma ba ta lanƙwasuwa. In an matsa mata sai ta karye. Igiyar kaba tana lanƙwasuwa yadda ake so, amma ba ta kai murɗa da kyau. In an murɗa bakinta, sai ta shanye murɗar ta ƙudundune.

Abin da masu sana'a suke bukata shi ne abu mai hali biyu: ya lanƙwasu kamar igiya, ya kai murɗa kamar sanda. Dabarar da aka yi, dabarar tufka ce.

Abin da ke cikinta

In an zare igiyar juyi daga cikin kubenta, za a ga siririn ƙarfe mai sheƙi. Na moto da na ƙaramin injin huda kaurinsu kamar milimita 3 ne. Da ganin farko sai a ce waya ɗaya ce. In an duba da kyau, wayoyi ne da yawa.

A tsakiya akwai waya guda miƙaƙƙiya. An naɗe ta da ƴan siraran wayoyi na ƙarfe mai tsauri, an bi dama da naɗin. A bisa wannan an yi wani naɗi, an bi hagu. In igiyar babba ce sai a ƙara na uku, a koma dama, haka haka har a sami kaurin da ake so. Kowane naɗi yana saɓa wa na ƙarƙashinsa.

Tun da wayoyin sirara ne, kowace tana iya ɗan motsawa kusa da ƴar uwarta. Shi ya sa igiyar take lanƙwasuwa. Tun da kuma naɗin ya saɓa wa juna, ba ta warwarewa in an murɗa ta ta hanyar da ta dace.

An danne bakunanta biyu sun zama masu kusurwa huɗu. Kowane baki yana shiga rami mai kusurwa huɗu, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin mariƙi. Da zagayayye ne, da sai ya riƙa sulɓewa cikin ramin ba tare da ya juya kome ba.

Tufka da warwara

Mai tufka igiya ya san wannan tun yana yaro. Yana murza kowane sili a cinya ta gefe ɗaya, sa'an nan ya haɗa su su naɗe ta ɗaya gefen. Saɓanin nan shi ne yake riƙe igiya.

Ga gwaji mai sauƙi da za a iya yi a gida. A sami guntuwar igiyar kaba kamar kamu ɗaya. A riƙe ta da hannu biyu. A murɗa ta ta inda tufkar ta bi: za ta ƙara tsauri, silin su matse juna. A murɗa ta ta ɗaya gefen: silin za su buɗe, igiya ta saki.

Haka igiyar ƙarfe take. In inji ya juya ta ta hanyar da aka yi ta domin ta, naɗin waje yana tsukewa, yana matsowa ciki. Naɗin da ke ƙarƙashinsa kuwa, da yake ya saɓa masa, yana neman buɗewa, yana turowa waje. Ɗaya na matsowa, ɗaya na turowa, sai su kulle juna tam. A lokacin nan igiyar ta zama kamar sanda wajen kai murɗa. Duk sa'ad da aiki ya ƙara nauyi, sai su ƙara kamuwa.

In aka juya ta baya, abin sai ya juye. Naɗin waje ya buɗe, na ciki ya tsuke, su rabu da juna. Ƙarfinta ya ragu. In an matsa mata a haka, wayoyin waje su tashi, ta lalace. An yi tufka, an yi warwara ke nan.

Saboda haka naɗin waje shi ne yake faɗin inda igiya za ta juya. Yawancin ƙananan injuna dama suke juyawa, don tsinken huda ta nan yake ci. Amma wasu injunan huda suna da maɓallin komawa baya. Wanda ya haɗa igiyar juyi da irin wannan inji, ya duba maɓallin kafin ya kunna. Akwai igiyoyin da aka yi don su juya gaba da baya, amma sai in an rubuta haka a jikin kwalinsu.

Aikin kube

Igiyar ba ta aiki tsirara. Tana cikin kube, kamar takobi. Cikin kuben ƙarfe ne naɗaɗɗe, bayansa roba. Kube ba ya juyawa, igiyar ce take juyawa a cikinsa.

Aikinsa huɗu ne. Yana nuna wa igiya hanya. Yana riƙe mata giris. Yana tsare ta daga ƙasa da ƙura. Yana kuma hana ta ƙudundunewa. A tuna da igiyar kaba ta ɗazu: in aka ci gaba da murɗa ta bayan ta yi tsauri, sai ta yi tsalle ta naɗe kanta ta yi ƙulli. Igiyar ƙarfe ma haka take son yi in aiki ya fi ƙarfinta. Kube ne yake tare ta. Shi ya sa kube da ya tsage ko ya lotse ba abin rainawa ba ne. In aka sa sabuwar igiya cikin mataccen kube, ita ma ba za ta daɗe ba.

Gudu da yawa, ƙarfi kaɗan

A ce ana son a kai tiya 30 ta hatsi daga rumbu zuwa gida. Raƙumi zai ɗauke su a tafiya ɗaya. Yaro mai gudu zai iya kai su shi ma, amma tiya ɗaya ɗaya, sau 30. Aikin ɗaya ne. In aka ɗora wa yaron tiya 30 gaba ɗaya, faɗuwa zai yi.

Igiyar ƙaramin inji kamar yaron nan take. Ƙananan injunan da ake haɗa ta da su suna juyi daga sau 5,000 har zuwa sau 35,000 a minti ɗaya. Babban injin huda na masu walda bai kai ko kusa da haka ba, amma ya fi su ƙarfin murɗa nesa. In injuna biyu suna cin wuta daidai, ɗaya yana juyi sau 1,000 a minti, ɗaya sau 30,000, to ƙarfin murɗar mai saurin kashi ɗaya ne cikin 30 na ɗan uwansa.

Ke nan igiyar juyi da sauri take cin aiki, kaɗan kaɗan. Ba a danna ta. Ba a sa mata babban tsinken huda. Ba a huda ƙarfen amalanke ko na garma da ita. Aikinta shi ne ƙananan huji, da zane a jikin azurfa ko ƙwarya ko itace, da gugar lungu, da wāsa ƙaramin baki. In an ji kukan inji ya sauya ya yi nauyi, an danna da yawa ne. Sai a sassauta hannu.

In tsinke ya cije cikin aiki, bakin igiya na ƙasa ya tsaya, amma inji yana ta murɗa na sama. Murɗar tana taruwa cikin igiyar. Daga nan ɗayan biyu: ko tsinken ya kuɓuce mariƙi ya fizge daga hannu, ko igiyar ta tsinke. Abin yi shi ne a kashe inji nan take.

Lanƙwasa mai yawa tana kashe ta

Wanda yake son ya yanke waya ba shi da almakashi, lanƙwasa ta yake yi gaba da baya. Wurin ya yi zafi, can sai ta karye. Wannan shi ne abin da yake samun igiyar juyi a inda ta lanƙwashe.

A wurin lanƙwasa, gefen waje yana miƙewa, gefen ciki yana matsewa. Da igiya ta yi rabin juyi, gefen da ke waje ya koma ciki. Ke nan a kowane juyi, kowace waya ta miƙe sau ɗaya, ta matse sau ɗaya. In inji yana juyi sau 20,000 a minti, an lanƙwasa ta gaba da baya sau 20,000 ke nan a minti ɗaya.

In lanƙwasar mai faɗi ce, ƙarfen yana jurewa. In ta tsananta, wayoyin suna gugar juna, suna gugar kube, zafi ya tashi, giris ya narke, ƙarfi ya ɓace a hanya. Masu ƙera ƙananan igiyoyin suna gargaɗi kada lanƙwasa ta fi ta da'ira mai faɗin santimita 25 zuwa 30 tsanani. Wato kamar bakin babbar ƙwarya. Abin da ya fi shi ne a rataye inji a sama da kafaɗar mai aiki, igiya ta sauko a sake.

Abin da allurar moto take faɗi

Igiyar moto ba ta ɗaukar nauyi, maganaɗisu kawai take juyawa. Amma tana juyi da yawa. A moto da yawa tana juyi sau 1,400 a kowane kilomita. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne. Tafiya ɗaya, juyi sau 210,000 ke nan.

In allurar agogo ta fara rawa, tana hawa tana sauka alhali gudu bai sauya ba, yawanci igiyar ce ta bushe ko ta lanƙwashe. Tana maƙalewa cikin kube, murɗa ta taru, sa'an nan ta kuɓuce da ƙarfi. Ita ce rawar da ake gani. In an gyara da wuri, ɗan giris ya isa. In an bari, sai ta tsinke, allura ta kwanta. Mai moto ya rasa sanin gudunsa, ya kuma rasa lissafin kilomita da zai gaya masa lokacin juyen baƙin mai.

Wa ya fara yin ta?

A shekarar 1829 wani saurayi maƙerin injuna, James Nasmyth, mutumin Sikotlan a ƙasar Birtaniya, ya so ya huda ƙarfe a wurin da injin huda ba ya kaiwa. Sai ya naɗa waya ya kai juyi da ita. Daga baya likitocin haƙori suka ɗauki dabarar, suka daɗe suna aiki da ita. Yanzu yawancinsu sun koma ga injin da iska take juyawa. A shekarar 1932 aka kafa kamfanin Dremel a garin Racine na Amurka. Ƙananan injunansa sun yi suna, har mutane da yawa suna kiran duk irin wannan inji da sunansa, ko da wani kamfani ne ya yi shi.

Yadda ake kula da ita

Babban abokin gabanta a Damargu shi ne rairayi da ƙurar hunturu. In ƙasa ta shiga cikin giris, sai ya zama kamar dutsen wāshi, ya riƙa cin igiya da kube. Ga abin da ya kamata a yi:

1. A cire inji daga wuta kafin a taɓa kome.
2. A zare igiyar daga kube a bisa tabarma mai tsabta. Kada ta taɓa ƙasa.
3. A goge ta da tsumma mai tsabta har tsohon giris ya fita.
4. A shimfiɗa ta a bisa tebur a mirgina ta. In tana tsalle a wani wuri, ta lanƙwashe. In waya ko ɗaya ta tashi, ta gama aiki. A sake sabuwa, mai tsawo da baki irin nata.
5. A shafa mata giris kaɗan da yatsa. Masu ƙera ta suna cewa a yi haka bayan awa 25 zuwa 50 na aiki. Inda ƙura ta yi yawa, gara a yi da wuri.
6. Kada a cika giris, kada kuma a shafa kusa da bakin mariƙi ko bakin agogon moto. Giris mai yawa yana kawo zafi, yana kuma ɓata agogo.
7. A tabbata baki mai kusurwa huɗu ya zauna cikin raminsa kafin a ɗaure.
8. In an gama aiki a rataye ta a miƙe, a rufe ta da ƙyalle. Kada a naɗe ta a cusa cikin buhu.

In mariƙi ko kube ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, a tsaya. A bari ya huce, a nemi dalili.

A tsare jiki

Abin da yake juyi sau dubbai a minti ya fi ƙiftawar ido sauri. Jelar rawani, ko hannun babbar riga, ko bakin gyale, in ya taɓa tsinken sai ya naɗe nan da nan ya jawo mutum. A soke jelar rawani da kyau, a naɗe hannun riga kafin a kunna. A sa tabarau na aiki, don ɓarɓashin ƙarfe yana tashi. In ya shiga ido kada a murza, kada a tono shi da tsinke. A rufe idon da ƙyalle mai tsabta a tafi gidan likita. A ɗaure abin da ake hudawa a jikin katako, kada a riƙe shi a tafin hannu. Kada a ajiye mariƙi sai ya daina juyi. A nisanta yara daga wurin.

Wanda zai sayi igiyar juyi a kasuwa ya gwada ta tun a gaban mai kanti. Ya lanƙwasa ta kaɗan kamar baka, ya murza baki ɗaya da yatsu. In ɗaya bakin ya bi sumul ba ya ƙagewa, mai kyau ce. In yana tsayawa yana fizga, ya mayar ya zaɓi wata.